Dandalin fasaha na aikin gayya: daga ina ake farawa a unguwa irin Gudu?

Duk wanda ya san Gudu a Abuja ya san kasuwar kayan gyaran mota. Tsakaninta da garejin kanikawa na Apo, Allah kaɗai ya san yawan tsofaffin tayoyi da ƙarafan da ake jibgewa. To irin wannan tarkace shi ne jarin dandalin fasaha na unguwa, wato fili mai bishiyoyi da wurin zama, inda masu zane, maƙera, masassaƙa da dukawa ke ajiye aikin hannunsu kowa ya kalla, kuma mutanen unguwa ke kula da shi ba tare da albashi ba. Aikin gayya ne dai, sai dai ba a gona ba.

An taɓa yi kuwa? An yi. A birnin Chandigarh na Indiya, wani mai duba hanyoyi, Nek Chand, ya fara tara fasassun kwanuka, awarwaro da baraguzan gini a 1957, yana ƙawata wani daji a ɓoye. Sai 1975 hukuma ta gano. Filin ba nasa ba ne, saura ƙiris a rushe, jama'a suka tsaya masa, aka buɗe wurin a 1976. Amma da ya yi tafiya waje a 1996, aka janye kuɗin kula da wurin, 'yan ɓarna suka shiga suka yi ta'adi. Ka ga matsala biyu ke nan, takardar fili da mai tsaro, kuma su ne za su fara cin duk wanda ya gwada a nan.

Maganar fili ita ce babba. A Abuja ƙasa tana hannun Gwamnatin Tarayya, ministan birnin ke bayarwa. Mai unguwa ko shugaban kasuwa na iya sa albarka, amma albarkarsa ba ta tare katafila. Filayen da tsarin birnin ya ware don shuke-shuke suna ƙarƙashin sashen kula da wuraren shaƙatawa na hukumar birnin, can za a kai takarda, da sunan ƙungiya mai rajista, ba da sunan mutum ɗaya ba. Ku da ke Legas, Ibadan ko Fatakwal, dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, don haka ƙofar jiha za ku ƙwanƙwasa. Kuma mu da ake kallo a matsayin baƙi ko da an haife mu a Sabo ko Agege, wallahi mun fi kowa buƙatar takarda. 'Yan Legas sun san Freedom Park, tsohon gidan yarin Turawa da aka mayar dandali a 2010. Da hannun gwamnatin jiha aka yi shi, shi ya sa ba a maganar rusau.

Sai tsaro da shara. Ranar buɗewa kowa zai zo ɗaukar hoto, bayan wata uku wa zai ba itace ruwa? A nan nake ganin kara ta fi mu dabara. Babana fataucin shanu yake yi, tun ina yaro nake ganin yadda ake cire ɗan abu kaɗan a kan kowace dabba, a biya mai gadi da mai ruwa. Haka ya kamata: masu sa kai su raba kwanaki a rubuce, amma mai gadin dare a biya shi. Mai shayi ko mai tsire da aka ba gefe ya riƙa ba da na asusu, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata. A guji rufin ciyawa kusa da wuta, gobarar da ta cinye shaguna a ƙauyen sana'o'in hannu na Abuja a Disambar 2017 ba ta yi nisa ba.

Me za a sa a ciki? Kada a fara da mutum-mutumi, don malamai da iyaye za su ja baya tun kafin a je ko'ina. Muna da dagi da zanen bango irin na gidajen Zariya da Kano, da sassaƙar ƙwarya, da ƙahon da ake zubarwa a mahauta. Taya ta zama kujera ko tukunyar fure, amma a huda ƙasanta, in ba haka ba gidan sauro aka gina. A Gudu kuma a gayyato maƙwabta Gwarawa da tukwanensu. Ladi Kwali da ke bayan naira 20 'yar wannan yanki ce, kuma har yau ana ginin tukwane a Ushafa.