Ɗinka Jakar Hannu da Kanki: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Jakar da mace ke fita da ita kullum a Kura ko Bunkure tana shan wahalar da jakar zuwa biki ba ta sani ba. Tana hawa babur, tana matsuwa a cikin Adaidaita Sahu, ana dire ta a bakin magudanar ruwa ko a gefen shanyar shinkafa, ga ƙura ga rana. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da Gwamna Audu Bako ya sa a gaba, ruwa ya riƙa biyo magudanai zuwa gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, sai aiki ya daina yankewa a wannan yanki. Da damina shinkafa, da rani alkama da tumatir da albasa. Mata kuwa suna cikinsa tsundum: masu turara shinkafa, masu tsinkar tumatir, masu ƙananan saye da sayarwa, ga malaman makaranta da ɗaliban Islamiyya. Kowace tana bukatar inda za ta zuba waya, kuɗi, makulli, katin asibiti da carbi.

Yawancin jakunkunan da ake kawowa kasuwa da araha na fatar roba ne. Suna da ƙyalli a ranar saye, amma zafi da gumi na sa saman robar ya tsattsage ya riƙa ɓarewa, hannun kuma ya tsinke daga inda aka liƙa shi. Duk macen da ke da keken ɗinki a ɗaki, ko take da damar aron na maƙwabciya, za ta iya ɗinka wadda ta fi wannan ƙarko. Sharaɗin shi ne kada ta fara da almakashi. Ta fara da kwali.

Telolinmu sun saba da yanka kai tsaye. Za a auna mutum, a ja alli a kan yadi, a yanke, kuma riga ta fito daidai, domin babbar riga ko doguwar riga tana da yalwar da ke ɓoye ɗan kuskure. Jaka ba ta da wannan rangwamen. Idan gefe ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa da rabin inci, bakin zai karkace, zif ya ƙi zama, gindin kuma ya ƙi tsayuwa. Shi ya sa ake fara zana kowane sashe na jakar a kan takarda mai kauri ko kwali, a yanke shi, sannan a riƙa ɗora shi a kan yadi ana bin gefensa da alli. Wannan dabara ta bazu a gidajen Amurka ne tun 1863, lokacin da wani tela mai suna Ebenezer Butterick ya fara sayar da zanen sutura na takarda mai girma daban-daban, domin mace ta ɗinka wa iyalinta kaya ba tare da ta yi shekaru tana koyon yanka ba. A nan ba sai kin sayi komai ba. Kwalin taliya ko na sabulu da aka warware ya wadatar, haka ma tsohuwar kalanda.

Kafin zane, ki zazzage jakar da kike riƙewa yanzu a kan tabarma ki dubi abin da kike ɗauka da gaske. Abin da ya fi komai girma a ciki, littafin Islamiyya ne ko kwalbar ruwa, shi zai yanke hukuncin tsawo da faɗi. Ga awon da ke yi wa yawancin mata daidai: ki zana murabba'i mai faɗin inci 16 da tsawon inci 14. A kusurwoyi biyu na ƙasa, ki cire ɗan murabba'i mai inci 2 ta kowane gefe. Waɗannan ƙananan gurabe su ne za su ba jakar gindi. Idan kika bar rabin inci a kowane gefe domin ɗinki, jakar za ta fito da tsawon inci 11, baki mai faɗin inci 15, da gindi mai zurfin inci 4. Wannan rabin incin yana cikin awon da na bayar, don haka kada ki ƙara wani. Ki rubuta hakan a jikin kwalin, tare da sunan sashen da adadin da za a yanka, domin bayan wata shida ba za ki tuna ba.

Da wannan kwali guda za ki yanka fallaye huɗu, biyu na waje da biyu na shafi. Sai kwalin hannu, mai faɗin inci 4 da tsawon inci 28 idan a kafaɗa za a rataya. Mai son ta saƙala ta ta ƙetare ƙirji, a ƙarƙashin hijabi yadda ɓarawon kasuwa ba zai gani ba, sai ta yi hannu guda mai tsawon inci 46 zuwa 48, gwargwadon tsayinta. Na uku shi ne kwalin aljihu, kuma wannan wayarki ce za ta ba ki awonsa: ki ɗora ta a kan takarda, ki ƙara inci guda ta kowane gefe.

Batun yadi shi ne inda ya kamata a tsaya a yi tunani. Yadi guda na atamfa ya isa jikin jaka da hannayenta, kuma sau da yawa ragowar turmin da aka ɗinka kayan sallah ya kai haka. Sai dai atamfa kaɗai ba ta da kaurin da za ta tsaya. Ko dai a manna mata yadin gam ɗin nan da teloli ke sa wa wuyan riga da dutsen guga, ko a haɗa ta da shafi mai nauyi. A ganina, jakar aiki ta fi kyau da kaki ko tsohon wandon jins, a bar atamfar ta zama ado a baki da aljihu. Wadda ta shiga birnin Kano za ta sami yadi iri-iri a Kantin Kwari, zif da ƙarafan jaka da guntayen fata kuma a Ƙofar Wambai. Ko wane yadi ne, a wanke shi, a shanya, a goge kafin a yanka. Auduga tana tsukewa a wankin farko, kuma gara ta tsuke tun tana falle.

Mutanen Kura ba sa bukatar a faɗa musu darajar baƙin yadin garinsu. Ɗan Kura, wanda ake rinawa da baba a buge shi har ya riƙa walƙiya, ya daɗe yana tafiya har cikin Sahara inda Buzaye ke naɗa rawani da shi. Amma kada sha'awa ta sa a yi jakar yau da kullum da shi, domin shuninsa yana fita ya kama duk abin da ya goga, kuma farin hijabi ba zai kai yamma ba. Rinannen yadin da aka wanke har ruwansa ya daina baƙi, wannan babu laifi.

A yankin da buhu ya fi komai yawa, dole tambayar buhu ta taso. Buhun shinkafa mai tsafta yana da amfani ƙwarai idan aka sa shi tsakanin yadin waje da shafi, musamman a gindi, domin yana ba jaka tsayuwa kuma yana rage shigar laima idan aka ajiye ta a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Gefensa yana warwarewa da zarar an yanka, don haka a kalmashe shi sau biyu kafin a ɗinka. Buhun taki kuwa, da duk wani buhu ko leda da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko na ciyawa ko irin shuka mai magani, a nisanta shi gaba ɗaya, ko da an wanke. Jakar uwa ce yaro ke zura wa hannu ya ɗauko ƙuli-ƙuli ko dabino, kuma arhar buhu ba ta kai a yi kasada da wannan ba.

Wajen yanka, ki shimfiɗa kwalin hannu a bisa tsawon yadi, wato ya bi gefen da masaƙa ta rufe, domin ta nan yadi ba ya miƙewa. Hannun da aka yanka ta faɗi zai riƙa ƙara tsawo da nauyin kaya. Idan atamfar tana da zane mai sama da ƙasa, kamar fure ko tsuntsu, ki duba kada falle ɗaya ya fito a kife.

Ɗinkin kansa ba shi da wuya, tsarinsa ne ake kiyayewa. Aljihu ake fara ɗorawa a jikin shafi tun yana shimfiɗe, don bayan an haɗa jaka keke ba zai shiga ba. Sai hannu: ki ninka shi biyu ta tsawo ki goge, ki buɗe, ki kawo gefuna biyu su haɗu a layin tsakiya, ki sake ninkawa. Zai koma inci guda mai ninki huɗu, sai ki bi gefunansa biyu da ɗinki. Daga nan ki haɗa fallayen waje fuska da fuska, ki ɗinke gefe biyu da ƙasa, ki bar guraben kusurwa a buɗe. Yanzu ki buɗe kowane gurbi ki matse shi yadda ɗinkin gefe zai hau kan ɗinkin ƙasa daidai, ki ɗinke shi a miƙe. Nan take za ki ga jakar ta zauna da gindinta. Haka za ki yi wa shafi, amma ki bar kafa ta kamar inci 5 a ƙasansa.

Ki kafa hannayen a fuskar jakar waje da fil, suna kallon ƙasa, kowane kai inci 4 daga ɗinkin gefe, ki tabbatar ba su murɗe ba. Ki zura jakar waje cikin shafi, fuska na kallon fuska, ki zagaye bakin da ɗinki. Sai ki jawo komai ta kafar nan da kika bari, ki rufe ta, ki tura shafin ciki, ki goge bakin ki sake zagaye shi da ɗinki ta waje. Guga a kowane mataki ita ce bambancin jakar da za a tambaye ki inda kika saya da wadda za a gane ta gida ce tun daga nesa. Dutsen guga na gawayi yana yin aikin, sai dai a kiyaye kada ya taɓa buhu ko zif na roba.

Inda jaka ke fara mutuwa shi ne mahaɗar hannu, kuma nan ne masu gaggawa ke wucewa da layi ɗaya. Ki bar kan hannun ya nutse cikin jikin jakar da inci guda da rabi, sannan bayan kin juye ta ki ɗinka ɗan murabba'i a wurin, ki ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu. Ninkin yadi a nan yana da yawa, don haka ki sa allura mai lamba 16 ko 18, ki ƙara tsawon takun ɗinki, ki riƙa juya keken da hannu a hankali har ki wuce tudun. Irin baƙin keken Butterfly ko Singer da ake kai wa amare yana iya wannan sarai. Abin da ba ya iyawa shi ne fata mai kauri. Mai son hannun fata ko gindin fata ta kai wa baduku ko mai gyaran takalmi ya kafa mata. Dukawan ƙasar Kano sun daɗe suna ɗinka gafaka da zabira da alabe da ke daɗewa a hannun masu su, kuma har gobe ana samun aikinsu a Kasuwar Kurmi.

Game da rufe baki, shawarata ga mai farawa ita ce ta bar dogon zif sai jaka ta biyu ko ta uku. Maɓalli babba da ɗan madauki, ko maɓalli mai maganaɗisu, ya isa. Amma aljihun kuɗi na ciki ya cancanci ɗan gajeren zif, musamman ga mai zuwa kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ko mai shiga cunkoson Sabon Gari, kuma a kan wannan ɗan zif ɗin ne hannu zai saba.

Kada jakar farko ta zama ta yadi mai tsada. Ki ɗinka ta da tsohon zani, ki zuba kayanki, ki yi mako guda kina fita da ita. Idan hannun yana zamewa daga kafaɗa, ko waya tana nutsewa a aljihu, ko littafi yana leƙowa, ki koma kan kwalin ki gyara a can, ki rubuta abin da kika canza. Daga nan sai ki huda kwalayen ki zura musu zare ki rataye a ƙusa, nesa da laima da gara. Wadda ta yi niyyar sayarwa za ta ga amfaninsu nan da nan: da kwali guda za ta shimfiɗa yadi ninki huɗu ta yanka fallayen waje na jaka biyu lokaci ɗaya, ta san yadin da kowace ke ci kafin ta faɗi farashi, kuma idan ƙawar wadda ta saya ta zo ta ce a yi mata irinta sak, irinta za ta samu.