Aji shida a ƙasar Birniwa: Yaron da gona da makaranta ke ja-in-ja a kansa

A hutun ƙarshen shekarar karatu da ya gabata na je ganin gida, a wani ƙauye cikin Ƙaramar Hukumar Birniwa, na tarar da yayata tana fama da zazzaɓi. Da aka sayo mata magani, sai na miƙa kwalin ga ɗanta mai shirin shiga aji shida na firamare, na ce ya karanta mana yadda ake sha. Ya ƙura wa kwalin ido, ya furta haruffa biyu, sannan ya sunkuyar da kai. Na ɗauka Turanci ne ya kayar da shi, sai na rubuta masa layi ɗaya da Hausa. Nan ma ya kasa haɗa baƙi.

Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. A ka yake lissafin kuɗin kwanon riɗi, ya san kowace akuya ta gidansu da ta maƙwabta, kuma malaminsa na allo yana yabon haddarsa. Shekara biyar ya yi yana zuwa boko, amma ya fito hannu rabbana. Wannan shi ya hana ni barci a daren.

Lokacin da nake aji shida, ɗan makaranta yana da jarrabawar da ta fi ta malamai tsanani, wato karanta wasiƙa. Idan ɗan ci-rani ya aiko da takarda daga Kano ko Legas, wani lokaci ta hannun fasinjan jirgin ƙasan da ke ratsa Birniwa zuwa Nguru, mu ake kira zaure mu karanta a gaban dattawa. Wanda ya yi in-ina, kafin magariba gari ya ɗauka, mahaifinsa kuma ya tafi wurin hedimasta neman ba'asi. Yau wayar hannu ta kashe wasiƙa, saƙon murya ya wadatar da kowa. Saboda haka yaro zai iya kammala firamare ba tare da wani a gidansu ya gano bai iya karatu ba.

Da na zauna da wasu malamai da iyaye, sai na fahimci cewa babban abin da ke cin 'yan aji biyar da shida a yankinmu shi ne girmansu. Ɗan aji biyu ba ya tsinana komai a gona, don haka ba mai hana shi zuwa makaranta. Ɗan shekara 11 ko 12 kuwa ya isa riƙe fartanya da kora dabbobi, yarinya ta isa ɗaukar talla da renon ƙanne. Wato daidai lokacin da karatu ya fi buƙatarsu, a lokacin ne gida ma ya fi buƙatarsu.

Mu dubi kalandar karatu. Ana buɗe sabuwar shekara a watan Satumba, lokacin da gero ya nuna. Daga girbin gero sai roron wake, sai yankan riɗi, sai ɓarar zoɓo, har zangon farko ya ƙare. A zango na biyu masu fadama suna noman rani. Zango na uku kuma, mai ɗauke da jarrabawar fita, yana faɗawa cikin shuka da noman farko. Manomin da ba shi da kuɗin ɗaukar 'yan ƙwadago, wa zai kama in ba ɗansa ba?

Sai kuma ruwa. Duk wanda ya zauna a masarautar Haɗeja ya san yadda Agusta da Satumba suke, musamman tun da ciyawar kacala ta toshe hanyoyin kogi. A ambaliyar 2022 dubban mutane a Jihar Jigawa sun rasa muhalli, kuma makarantun firamare na cikin wuraren da aka fara tsugunar da su. Ba mai zargin wanda ruwa ya kora don ya fake a aji, amma makonnin da aka rasa ba a rama wa yara su ba.

Matsala ta uku ita ce harshe. Tsarin da aka daɗe ana bi a baya shi ne a koyar da yaro da harshen yankinsa a aji ɗaya zuwa uku, daga aji huɗu a koma Turanci. A ƙasar Birniwa akwai yaran da Manganci ko Fulatanci suke yi a gida, Hausa a kasuwa suka tsince ta. Irin wannan yaro bai gama zama da gindinsa a karatun Hausa ba, sai a ɗora masa kimiyya da Turanci. Abin da ya rage masa shi ne kwafar allo. Littafin ɗan yayata cike yake da kyakkyawan rubutu, wanda shi kansa bai san abin da yake cewa ba.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Manufa ce mai kyau. Sai dai a aikace ana ciyar da yaro gaba daga aji zuwa aji ko ya iya ko bai iya ba. Ga makarantar haziƙai ta Bamaina, ga kwalejojin Gwamnatin Tarayya na Kiyawa da Kazaure, duk a jiharmu suke, amma da jarrabawa ake shiga. Ɗan ƙauyen da bai iya karanta tambaya ba, ta yaya zai yi gogayya da ɗan Dutse? Ita kuwa yarinya, idan mahaifinta ya ga shekara shida ba ta haifar da komai ba, da wace hujja za a roƙe shi ya ƙara mata uku?

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ina kira ga Hukumar Ilimin Firamare ta jiha da ta sa a gwada kowane ɗan aji biyar a makon farko, a ba shi gajeren labari da Hausa ya karanta a fili. Waɗanda suka kasa a ware musu sa'a guda kullum, a koyar da su daga inda suka tsaya. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta shahara da wannan dabara, kuma ba ta buƙatar sabon gini. Haka nan a bai wa makarantun karkara damar sassauta lokacin darasi a kaka da damina. Ba baƙon abu ba ne, domin tun 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya bisa fahimtar cewa makaranta na iya bin rayuwar mutane. Kwamitocin iyaye da masu unguwanni su ma su tsaya a rama darasin da ambaliya ta ci.

Mu kuma 'yan boko da muka fito daga waɗannan ƙauyuka, mu daina tambayar yara aji nawa suke. Mu miƙa musu takarda su karanta. Ni dai kafin in baro gida na yi mako biyu ina zama da ɗan yayata bayan la'asar. Ranar da zan tafi, ya karanta mini sunan garinmu a jikin wata motar haya, yana murmushi. Allah Ya sa mu farga tun icce yana ɗanye.