Naman Tanki da Injiniyoyin da ke Rainonsa



Ranar 5 ga Agustan 2013 aka tara 'yan jarida a birnin Landan don su ga an soya curin nama guda ɗaya tal, wanda bai wuce tafin hannu ba. Kuɗin da ya ci kafin ya kai kasko kuwa Yuro 250,000 ne, kuma Sergey Brin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Google, shi ya biya. Naman nan ba a jikin saniya ya girma ba. Farfesa Mark Post na Jami'ar Maastricht a ƙasar Holan ya ɗebi ƙwayoyin halitta daga tsokar saniya, ya yi ta rainonsu a ɗakin gwaji har suka zama siraran zaren nama kusan 20,000, aka harhaɗa su. Da yake naman bai fito da ja ba, sai da aka rina shi da ruwan bitirut. Hanni Rützler, mai binciken abinci daga Ostiriya, ta ɗanɗana, ta ce ya yi kusa da nama, sai dai da ɗan bushewa. Babu kitse a ciki.

Zare dubu ashirin, masu sauraro, don curi ɗaya. Masana kimiyya sun nuna abin zai yiwu. Saura wanda zai yi shi da yawa, kuma da araha. Wannan shi ne aikin injiniyan tankin raino.

Tankin na ƙarfe ne marar tsatsa, kuma abin da ke cikinsa sai an lallaɓa shi kamar bakwaini. Zafi dole ya tsaya wajen digiri 37, daidai da jikin dabba. Dole a juya ruwan don iska ta kai ko'ina, amma ƙwayar dabba ba ta da tauri, in farfela ta yi ƙarfi sai ta yayyage ta. In ta yi rauni kuma, wasu ƙwayoyin su rasa iska su mutu. Ƙwayoyin suna fitar da dattinsu a cikin ruwan da suke sha, in ba a rage shi ba ya zame musu guba.

Abin da ya fi hana injiniya barci shi ne ƙwayar cuta. Ƙwayar dabba kan ɗauki kusan kwana guda kafin ta rabu biyu. Wata bakteriyar kuwa minti 20 ya ishe ta. Minti ashirin. Saniya tana da garkuwar jiki, tanki ba shi da ita. Guda ɗaya ta kutsa ta bakin bututu, aikin makonni ya tafi, sai a zubar, a wanke da tururi, a sake daga farko.

Sai batun abincin ƙwayoyin: sukari, gishiri, bitamin da sinadaran gina jiki. A farko har da ruwan jinin ɗan tayin saniya ake haɗawa, mai tsadar gaske. Kamfanin Mosa Meat na Farfesa Post ya bayyana a 2022 cewa ya samu hanyar barinsa. Ga Musulmi wannan ba ƙaramin zance ba ne: a 2024 kwamitin fatawa na hukumar addinin Musulunci ta Singafo ya ce naman zai iya halatta idan ƙwayar ta fito daga dabbar da ake ci kuma duk abin da aka ciyar da ita halal ne. Wato lissafin injiniya har ya shiga hukuncin malamai.

Singafo ce ta fara ba da izinin sayarwa a Disambar 2020, Amurka ta biyo a Yunin 2023.

Amma a faɗa wa matashi mai sha'awar wannan aiki gaskiya kafin ya ɗaura ɗamara. A 2022 kamfanin Good Meat ya yi shelar gina tankuna masu cin lita 250,000 kowanne, alhali na masana'antar magunguna ba su cika wuce 25,000 ba. Maganar ta ƙare a kotu, inda kamfanin ABEC mai ƙera tankunan ya nemi kuɗinsa. Italiya ta haramta naman a 2023, jihar Fulorida ta Amurka a 2024, kuma kamfanin naman tanki na Upside Foods ya sallami ma'aikata a 2024 ɗin.

 Hanyar shiga wannan aiki dai ita ce karatun injiniyan sinadarai ko kimiyyar ƙwayoyin halitta. Jami'ar Tufts a Amurka ta samu dala miliyan 10 daga ma'aikatar noma a 2021 don wannan fanni, Holan ta ware Yuro miliyan 60 a 2022. Wanda ya ƙware a rainon ƙwayoyi, ko kamfanin nama ya rufe, masu haɗa allurar rigakafi na nemansa, har da ta dabbobi irin wadda ake yi a Vom ta jihar Filato.