Burodin Alkama da Dusarta: Jagora ga Masu Kiyaye Abinci



A gidajenmu da yawa na Boutalbagar, karin kumallo ba ya cika sai da shayi da dogon burodin nan da muka gada daga Faransawa. Muna cinsa ba tare da tunani ba, har ranar da likita zai dubi maigida ko uwargida ya ce suga ya hau, ko jini ya hau, ko ƙiba ta yi yawa, don haka a rage farin burodi a nemi wanda ake kira pain complet. Daga nan sai a shiga kanti a ɗauko duk wanda launinsa ya yi duhu, a biya kuɗi fiye da na kullum, a dawo gida da zaton an sayo magani. Wannan zaton ne muke so mu gyara.

Ƙwayar alkama kashi uku ce. Akwai ɓawon waje, wato dusa, kimanin kashi 14 cikin ɗari na nauyinta. Akwai farin ciki, kimanin kashi 83, wanda galibinsa sitaci ne. Sai ɗan idon da yake tsirowa in an shuka, kimanin kashi 3. Injin da ke yin farar fulawa yana cire dusar da idon, ya bar farin kaɗai. Tare da su kuwa ake fitar da mafi yawan harza, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa, wanda ke sauƙaƙa bayan gida, ya kuma sa mutum ya daɗe a ƙoshe. Giram 100 na farar fulawa yana da harza kimanin giram 3, garin da aka niƙa da dusarsa kuwa yana kai giram 10 ko fiye. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya samu aƙalla giram 25 na harza a kowace rana.

Wannan ba sabon abu ba ne ga Musulmi. Imamul Bukhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu, Allah Ya yarda da shi, cewa a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba su da rariyar tankaɗe. Sha'ir suke niƙawa, su hure abin da zai tashi, su kwaɓa sauran su ci. Mu kuwa mun wayi gari muna surfe hatsi har ya yi fari fat, mu ba awaki dusar, mu ci abin da ya rage.

To, yaya za mu zaɓa? Da farko, kada launi ya ruɗe mu, domin ana iya sa wa farar fulawa abin da zai duhunta ta, ko a barbaɗa mata dusa kaɗan a bisa. Idan burodin na cikin leda ne, mu karanta jerin kayan haɗinsa: abin da aka fara rubutawa shi ne mafi yawa, saboda haka mu nemi farine complète a farkon jerin, mu kuma lura ko an ƙara suga. Idan a gidan burodi ne, mu tambayi lambar fulawar. A ƙa'idar Faransa, T55 ita ce fara, ta dogon burodi, T110 ta fi ta dusa, T150 kuwa ita ce cikakkiya. Hannu ma shaida ne: na gaskiya yana da nauyi, cikinsa a cushe yake, ba ya lotsewa kamar auduga.

Na biyu, sai awo. Burodi mai dusa abinci ne, sitacinsa na nan, kuma idan garin ya yi laushi ƙwarai yana iya ɗaga suga kusan kamar fari. Wanda likita ya ƙayyade wa yanka biyu, to biyun ne. Ya haɗa shi da wake, ko ƙwai, ko tunkuzar gyaɗa, ko ganye, ya kuma rage sugan shayi, don babu amfanin gyara burodi a bar cokali huɗu a kofi. Mai hawan jini ya tuna akwai gishiri a burodi, alhali abin da hukumar ta ƙayyade a yini bai kai giram 5 ba. Mai allurar insulin da mai ciwon ƙoda kada su sauya tsarin abincinsu sai da sanin likita.

Wanda aljihunsa bai kai ba, kada ya damu. Mafi yawan fulawar da muke ci daga waje ake shigo da ita, mun kuma ga yadda farashinta ya tashi a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Yukren. Amma gero da dawa na ƙasarmu ne, kuma in an wanke su aka kai inji ba tare da surfe ba, sun shiga sahun cikakken hatsi. Mai samun ƙwayar alkama yana iya niƙa ta da dusarta a yi alkubus ko gurasa, kamar yadda iyayenmu na Kano suka saba. Sai dai a riƙa niƙa kaɗan-kaɗan, domin man da ke cikin idon ƙwayar yana saurin lalacewa a zafin Njamena.

Muna roƙon iyayenmu mata su fara a hankali: rabin gari mai dusa, rabin wanda aka saba, tare da yawan shan ruwa, har ciki da harshen yara su saba. Idan gida duka ya ci abu ɗaya, mara lafiya ba zai ji an ware shi ba, kuma zai fi daurewa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sanya albarka a cikin abin da muke ci. Amin.