FASHIN BAƘI: Abin da ke hana injin ban ruwa tashi, da matakan da manomi zai bi kafin ya nemi bakanike

Da zarar damina ta ɗauke, manoman da ke kewayen madatsun ruwa na Tomas a Dambatta da Watari a Bagwai sukan fito da injinan ban ruwa domin noman rani. A wannan lokaci ne inji ya fi yin gardama, kuma jinkirin kwana biyu ko uku ya isa ya sa dashen tumatir ko albasa ya yi yaushi. A karkarar arewacin Kano, inda gonaki ƙanana ne kuma jama'a ta yi yawa, fegi guda kan zama jarin gida gaba ɗaya.

Waɗannan ƙananan injinan fetur sun yaɗu ne sosai tun farkon shekarun 1990, lokacin da shirin Fadama mai tallafin Bankin Duniya ya sa suka maye gurbin jigo a wurare da dama.

Me ke kawo matsalar?

Injin fetur yana buƙatar mai, da iska, da tartsatsin wuta kafin ya tashi. Mafi yawan lokuta matsalar daga mai take. Fetur ɗin da ya kwana watanni a tanki yakan lalace, ya bar danƙo da ke toshe ƴar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireta. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska, sannan fulogi ya yi baƙi ya daina ba da wuta.

Matakan dubawa

A fara da tabbatar da cewa makunni yana kunne, an buɗe makullin mai, an kuma rufe cok idan injin ya yi sanyi. Daga nan a duba baƙin mai, domin injina irin Honda GX160 da yawa suna da na'urar da ke hana su tashi idan ya yi ƙasa.

Idan man tanki tsoho ne, a zubar da shi, a kwance ƙusar da ke ƙasan kafireta a tsiyaye ragowar, a zuba sabo. Sai a cire fulogi. In an same shi a jiƙe, mai ya yi wa injin yawa. A shanya shi, a buɗe cok, a ja igiya sau da yawa kafin a mayar da shi. In ya yi baƙi, a kankare shi ko a sauya, tazarar bakinsa ta kasance milimita 0.7 zuwa 0.8. A wanke matatar iska, a bar ta ta bushe.

Kada a tayar da injin sai an cika famfon da ruwa, domin gudu a bushe yana ƙona robar da ke hana yoyo. Idan igiya ta riƙa zuwa sakwa-sakwa ba tare da nauyi ba, ciwon yana can ciki, aikin bakanike ne.

Inda hukuma ke da hannu

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, ta kuma haura 1,000 a Oktoban 2024. Tsadar ta sa manomi yana ƙyashin zubar da tsohon mai. Nisan gidan mai kuma yana tura shi wajen ƴan bumburutu, inda babu mai auna ingancin abin da ke cikin galan. Ko a gidajen mai an taɓa ganin gurɓataccen fetur, kamar a Fabrairun 2022 da aka shigo da mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙima.

Sa ido kan ingancin mai nauyin hukumar NMDPRA ne, hana jabun kayan gyara na hukumar SON ne, koyar da manoma kuma aikin malaman gona na KNARDA ne. Wasu manoma sun fara mayar da injinansu masu amfani da gas, wasu na hangen famfon sola, sai dai kuɗin sayensa ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Kafin a samu sauƙin wannan, abin da ke hannun manomi shi ne ya tsiyaye tanki da kafireta a ƙarshen kowane rani kafin ya jingine injin.