Katin lafiyar tsofaffi a Gana: ba a fafe gora ranar tafiya



Garuruwa da yawa a Adar, Gobir da Damagaram suna da ƴaƴa a Gana. Wasu sun je cin rani sun dawo. Wasu kuwa sun zauna can, a zangon Kumasi ko unguwar Nima ta birnin Akra, har furfura ta kama su. In ciwo ya kwantar da ɗayansu, nan gida ake aiko da labari. Sai a kai akuya kasuwa, ko a buɗe rumbu a sayar da hatsi, don a aika kuɗin magani. Alhali kuwa gwamnatin Gana tana da wani tsari da ke ɗauke wa tsoho mafi yawan wannan nauyi. Sai dai tsarin ba ya amfanar kowa sai wanda ya rubuta sunansa tun yana da lafiya.

Mene ne asusun lafiya?

Kun san rumbun tsimi. Da kaka kowane magidanci yana zuba ɗan hatsi. In damina ta yi nisa, wanda abincinsa ya ƙare sai ya je ya ɗiba. Asusun lafiya haka yake, sai dai kuɗi ake zubawa, kuma ranar ciwo ake ɗiba.

Ga misali. Mutum 100 sun zuba dala 100 kowanensu. An tara jika 50 ke nan. Ba dukansu ba ne za su kwanta cikin shekara. Kuɗin masu lafiya shi zai biya wa marasa lafiya. Bana ka biya wa wani, baɗi a biya maka. Wannan shi ake kira asirans, ko inshorar lafiya. Na gwamnatin Gana sunansa NHIS.

Yaushe aka kafa shi?

A da, asibitocin Gana ba su duba mutum sai ya biya. Talaka yakan zauna gida da ciwonsa har ya yi tsanani. A shekarar 2003, zamanin shugaba John Kufuor, aka yi dokar da ta kafa asusun. A 2012 aka sake wata doka, wadda ta haɗa asusun gundumomi duka ƙarƙashin hukuma ɗaya. Dokar ta shafi mazauna ƙasar, ba ƴan ƙasa kaɗai ba.

Kuɗin asusun yana fitowa ta manyan hanyoyi 3. Ta farko, wani haraji na kashi 2 da rabi cikin 100 da aka ɗora kan kayan saye. Ta biyu, wani kaso daga kuɗin da masu albashi ke zubawa a asusun fansho, wato SSNIT, wanda ya yi kama da CNSS ta ƙasarmu. Ta uku, kuɗin shekara da masu sana'ar kansu ke biya. Saboda haka tsohon da ya karɓi katin ba bara ya yi ba. Ya daɗe yana zuba nasa ta wajen haraji.

Wane tsoho ne ke biya, wane ne ba ya biya?

Tsofaffi sun kasu kashi 3.

Na farko, wanda ya kai shekara 70. Namiji ne ko mace, an yafe masa kuɗin shekara.

Na biyu, ma'aikacin da ya yi ritaya yana karɓar fansho daga SSNIT. Shi ma an yafe masa, ko bai kai 70 ba.

Na uku, mai sana'ar kansa da bai kai 70 ba: mahauci, ɗan tireda, mai gadi da ba a yi wa rajistar fansho ba, ko mai sayar da albasa. Wannan sai ya biya kuɗin shekara, ko da shekarunsa 65 ne. In kuwa ba shi da komai, ba shi da mai taimakonsa, to, ya je ofishin jin daɗin jama'a. In sun shaida matalauci ne, za a yafe masa.

A lura da kyau: yafe kuɗi daban, rajista daban. Mai shekara 80 da bai rubuta sunansa ba, in ya je asibiti sai ya biya kamar kowa.

Yaya ake rajista?

1. Tsoho ya je da kansa ofishin NHIS na gundumar da yake zaune. In ba ya iya tafiya shi kaɗai, a raka shi.

2. Ya riƙe katinsa na shaida. Ɗan ƙasa yana nuna katin da ake kira Ghana Card. Baƙo kuwa sai ya nuna takardun da ke shaida yana zaune a ƙasar bisa ƙa'ida.

3. Ma'aikaci zai rubuta sunansa da shekarar haihuwarsa. A duba da kyau kada a yi kuskure. Shekarar da ke cikin takarda ita ake bi, ba furfura ba. Wanda takardarsa ta ce an haife shi a 1955, ya cika 70 a 2025.

4. In yana cikin masu biya, ya biya a ofis, ya karɓi rasit, ya adana shi.

5. Mai biya da ya yi sabuwar rajista yana jiran wata 1 kafin katinsa ya fara aiki. Wanda ya bari sai ciwo ya kama shi, zai biya maganin wannan wata daga aljihunsa.

Kati yana mutuwa

Nan ne mutane da yawa ke yin sake. Rajistar ta shekara 1 ce. In wa'adi ya cika ba a sabunta ba, katin ya mutu, ko da yana cikin aljihu sabo fil. Tun daga 2018 ana iya sabuntawa ta wayar salula. A danna *929#, sai a bi tambayoyin da ke fitowa. Da Ingilishi suke, don haka tsoho yana bukatar mai karanta masa. A rubuta ranar cikar wa'adi a jikin bango ko cikin littafi. In ya rage ƴan kwanaki, a sabunta.

Me katin ke biya?

Yana biyan ganin likita, awon jini, gadon asibiti, da magungunan da ke cikin jerin da hukuma ta tsara. Yana ɗaukar zazzaɓin cizon sauro, zawo da ciwon fuka. Yana ɗaukar aikin gwaiwa da aikin yanar ido. Yana kuma ɗaukar hawan jini da ciwon sukari.

Waɗannan biyun na ƙarshe su ne suka fi cin dukiyar tsofaffi. Maganinsu ba na kwana 3 ba ne. Kullum ake sha, wata da watanni, shekara da shekaru. Mai saye da kuɗinsa yakan sha in ya samu, ya bari in ya rasa. Mai hawan jini kuwa in yana sha yana bari, yana iya samun shanyewar ɓarin jiki.

Me katin ba ya biya?

Ba ya biyan tabarau, ko haƙoran roba, ko na'urar ƙara ji. Ba ya biyan ɗakin alfarma a asibiti. Ba ya biyan maganin da babu shi cikin jeri. Ba ya aiki sai a asibiti ko kantin magani da hukumar ta amince da shi. Ba ya kuma tsallake iyaka: tsohon da ya zo ganin gida Tawa ko Maraɗi ya kwanta, katin Gana ba zai biya masa ba.

Tsarin yana da nasa cikas. Wani lokaci hukuma takan yi jinkirin biyan asibitoci. Sai magani ya yanke, a ce wa mai kati ya saya a waje. Don haka a riƙe ɗan guzuri ko da akwai kati. In an nemi kuɗi kan abin da kati ya ɗauka, a nemi rasit, a kai kuka ofishin gunduma.

Mu fa a nan gida?

A Nijar, tun 2006 gwamnati ta yafe kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da fiɗar haihuwa. Wannan yafiya ta yara da mata ce. A 2024 kuma aka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, tsofaffi ma sun amfana. Amma sauran rabin da kuɗin magani suna kan iyali. Ƙungiyar manoma ko ta mata tana iya buɗe nata asusun lafiya, kamar yadda ta buɗe rumbun tsimi. Tsohon da ba shi da takardar haihuwa kuwa, a raka shi ofishin magajin gari da shaidu, a nuna masa hanyar samunta. Duk taimakon da aka ɗaure da shekaru, takarda ce mabuɗinsa.

Kai da ka iya karatu, ga aikinka. In kana da uba, kawu ko gwaggo a Gana, buga masa waya cikin makon nan. Tambaye shi abu 3: Kana da katin NHIS? Yaushe wa'adinsa zai cika? Wace shekarar haihuwa aka rubuta maka? In amsa ta zama babu, roƙi wani yaro a zango ya raka shi ofis. Kuɗin wayar bai kai kuɗin akuya ba.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa su gama da duniya lafiya. Amin.