Malami da Kalman Nan "Babu"

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, kowa daga cikinmu da aka tura ƙauye gwajin koyarwa ya san kalmar da ke fara tarbarsa, watau "babu". Babu taswira, babu littattafai isassu, wani lokaci har alli ma babu. Ni an tura ni wata makaranta a gefen Uba, a kan hanyar da ta tashi daga Mararraba ta nufi Michika, ina so kuwa in bayyana muku wata dabara da ta amfane ni.

Dabarar ita ce, kadan aka ce maka babu abu kaza, ka tambayi kanka, shin mene ne aikin abin nan? Gama kowane kayan koyarwa an ƙera shi ne domin wani aiki. In ka gane aikin, sau da yawa sai ka tarar akwai abin da zai yi shi a bayan aji.

Ga misali. Allon ƙidaya mai duwatsu aikinsa shi ne ya nuna wa yaro cewa ɗaya-ɗaya guda goma suna zama goma ɗaya. To, ai karan dawa ya iya wannan, ƙasar Margi kuwa ba ta rasa kara bayan kaka. Sai yara su yanka kara, su ɗaure goma-goma. Ka ce wa yaro ya ajiye 32, watau ɗauri uku da kara biyu, sa'an nan ya ɗebe 7. Zai duba ya ga biyu ba su isa ba. Da kansa zai kwance ɗauri ɗaya, ya sami 12, ya cire 7, saura ɗauri biyu da kara biyar, 25 ke nan. Abin nan da muke kira "aro" a allo, wanda yara ke haddacewa ba su san dalilinsa ba, ga shi ya fito fili a hannunsu. Malamin da ya ga yaro ya kwance ɗaurin nan, shi ma lissafinsa ya ƙaru, ko bai faɗa wa kowa ba.

Haka kuma inuwa. Kafa sanda mai tsawon mita 1 a rana. In inuwarta ta yi mita 2, inuwar itacen makaranta kuwa ta yi mita 24 a sa'an nan, to, itacen mita 12 ne, ba wanda ya hau shi. Kada wani ya raina wannan. Wajen shekara 240 kafin haihuwar Almasihu, wani masani a Iskandariya ta Masar, Eratostenis, ya auna kewayen duniya da inuwa. Ya ji labari a Aswan rana takan tsaya daidai bisa kai a wata rana ta shekara, alhali a Iskandariya a ranan nan inuwa tana karkata kashi 1 cikin 50 na da'ira. Sai ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50. Mu a Uba rana takan tsaya bisa kanmu sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, har sanda ta kusa rasa inuwa da tsakar rana. Yaron Ingila ba zai taɓa ganin wannan a ƙasarsu ba, kome yawan kayan makarantarsu.

Mu da muka tashi a hannun Mishan mun san labarin Garkida. Ran 17 ga Maris 1923, Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta fari a gindin tsamiya, gama ba su da ɗaki. Aikin ɗaki shi ne ya tara mutane a inuwa, tsamiya kuwa ta yi. Daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa ta tsiro, wadda hedkwatarta ke Kwarhi, kusa da mu.

Amma fa kada mu wuce gona da iri. Akwai rashin da ba dabarar da ke maganinsa. A 2014, sa'ad da 'yan Boko Haram suka mamaye Uba da Mubi, makarantu suka watse, yara da yawa suka yi asarar karatu a gudun hijira, wannan kuwa kara ba ya mayar da shi. Ajin da iska ta yaye wa rufi, rufi yake bukata, tilas shugaban makaranta ya rubuta wa hukuma, ya sake rubutawa. Ba na son in ji wani babba yana yabon dabarar malamai domin ya huta da sayen littattafai.

Wanda za a tura gwaji zangon nan, ya sa yara su tara kara tun rani, a ajiye a bisa, gama gara ba ta barinsa a ƙasa. Igiyar ɗauri kuwa, ta rama ta fi daɗin kwancewa a hannun ƙaramin yaro.